Iyakar Gudu Da Nauyin Kaya

A ƙasashen Turai akwai wani wasan yaƙi da akan yi bisa tebur, kamar dara, amma fagensa sararin samaniya ne. Masu wasan sukan ƙaddara jiragensu sun fi haske gudu, alhali kuwa tun 1905 Einstein ya nuna ba abin da ke tsere wa haske, mai cin mil 186,000 cikin daƙiƙa guda. Duk da haka sai su yanka wa kowane jirgi zango da iyakar kayan da zai ɗauka, domin tasoshin da ake sauke kaya su ake yaƙi a kansu.

Mu mutanen ƙasar Maska mun ga irin wannan da idonmu. Dā jakai ke kai auduga Zariya, kwana da kwanaki. Da aka shimfiɗa hanyar jirgi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, aka gama cikin 1929, ta Funtuwa ta bi, ta bar garin Maska a gefe. Nan da nan injin gurza da kantuna da fatake suka tattaru bakin tasha. Audugar Malumfashi ma, duk yawanta, sai an kawo ta Funtuwa a mota. Sarkin Maska kansa a Funtuwa yake zaune.