Hukuncin Shirun Mai Zaɓe a Gundumomin Makarantun Oregon

A ƙasar Amurka, inda makarantun gwamnati suke ƙarƙashin gundumomi masu zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma wani kaso na kuɗin tafiyar da su yake fitowa daga harajin gidaje da filaye, galibi ba a cin bashin gina azuzuwa ko ƙarin haraji sai jama'a sun yi izini da ƙuri'a. To, da yake irin wannan zaɓe ba shi da amo, ƙalilan ne suke kula shi, sai mutanen jihar Oregon suka shar'anta a 1996, suka kuma jaddada a 1997, cewa rinjaye kaɗai bai wadatar ba, wajibi ne rabin masu rajista su kaɗa ƙuri'a kafin hukunci ya inganta, illa a babban zaɓen Nuwamba da ake yi duk bayan shekara biyu.

Hujjarsu ba ta rasa ƙarfi ba, domin ba adalci ba ne tsiraru su aza wa gari nauyin da zai daɗe yana ɗauka. Amma malaman usulu sun jima suna saɓani a kan ko shiru yana zama yarda, alhali wannan doka ta mai da shi ƙi tsantsa, ko da mai shirun ya yi ƙaura ne, ko ya manta da ambulan ɗin ƙuri'arsa a kan tebur, tun da yake ta gidan waya ake zaɓe a jihar. A ƙaddara gunduma mai rajista 10,000, mutum 4,000 suka ce i, 900 suka ce a'a: magana ta faɗi, saboda ba a kai rabi ba. Da ƙarin masu adawa 200 za su fito su ce a'a, da ta tabbata. Ashe dai maslahar mai adawa ita ce ya ƙaurace, ya kuma hana maƙwabcinsa, kuma a ganina dokar da ke saka wa ƙauracewa da nasara ta saɓa wa maƙasudin da aka kafa ta dominsa, ɗalibai kuwa su ne ke zama ƙarƙashin rufin da ke yoyo.

A 2008 jama'ar Oregon suka ɗage sharaɗin daga zaɓukan Mayu da Nuwamba. Maƙwabciyarsu Washington ta sassauta nata a 2007 game da harajin gudanar da makarantu, amma bashin gini har yanzu sai da amincewar kashi 60 cikin ɗari, tare da fitowar kashi 40 na waɗanda suka yi babban zaɓen baya.