Daga Agege Zuwa Shagamu A Dawo A Yini Guda

Duk Bahaushen da ya daɗe a Ikko ya san akwai ranar da zuwa Shagamu zai zama masa dole. Ko dai ana shirin ɗaurin auren 'yarsa ana bukatar goro mai kyau, ko an yi wa wani ɗan'uwa haihuwa a Sabo, ko kuwa an yi rasuwa, irin wadda gaisuwar waya ba ta wadatarwa, domin zuwa da kai ya fi aike. Ga kuma rumfa ko shago a Agege wanda ba ya yiwuwa a bar shi kwana biyu a rufe. To, sai maigida ya ce a je a dawo yau.

A baki abu ne mai sauƙi. Tsakanin Agege da Sabon Shagamu kimanin kilomita 60 ne, wanda idan hanya ta yi kyau ƙaramar mota za ta cinye shi cikin sa'a guda da 'yan mintoci. Amma fa mutane da yawa sun fita da wannan lissafi, suka ƙare da yin sallar lisha a bakin titi a Ibafo, goron ɗaurin auren gobe yana dahuwa a bayan mota.

Babbar hanyar Ikko zuwa Badun ita ce mafi yawan jama'a ke bi. An buɗe ta a 1978 zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, tsawonta kilomita 127 da ɗoriya. Da ta lalace, aka soma sake gina ta a 2013, aka raba aikin gida biyu, kamfanin Julius Berger ya ɗauki daga Ikko zuwa mahaɗar hanyoyi ta Shagamu, kilomita 43 da 'yan kai, kamfanin RCC kuma ya ɗauki daga nan zuwa Badun. Aikin ya ci shekaru, ya kuma ci haƙurin matafiya. Sai dai faɗaɗa hanya bai rage yawan motocin da ke kanta ba, domin kuwa kusan duk kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa za a kai Arewa ko Gabas, nan suke bi.

Mutumin Agege zai fito ta Pen Cinema, inda aka buɗe gadar sama a 2021, ya bi Ogba, ya faɗa babbar hanya a Berger. Daga nan sai gadar Kara, sai Doguwar Gada, sai Warewa, Arepo, Magboro, Ibafo, Mowe, har mahaɗar Shagamu. A nan ne ake son direba ya buɗe ido, ya koma hannun dama tun da sauran tazara, ya kama hanyar da ta nufi Ore da Binin, wadda ita ce za ta sada shi da gari. Wanda hira ta ɗauke masa hankali ya zarce, to ya nufi Badun ke nan, zai kuma sha tafiya wajen Ogere kafin ya sami juyowa cikin kwanciyar hankali.

Abu na farko da za a duba kafin mai da taya shi ne rana. Wannan hanya tana da ranakunta, kuma wanda bai san su ba shi ke shan wuya. A gefenta akwai manyan sansanonin ibada na Kirista. Cocin Redeemed yana da nasa kusa da Mowe, inda ake taron dare a Juma'ar farko ta kowane wata, da babban taron shekara a watan Agusta, da wani kuma a Disamba. Cocin Mountain of Fire yana da nasa wajen Magboro da Ibafo, ana taro a safiyar Asabar ta farko ta wata. Watau daga yammacin wannan Juma'a zuwa hantsin Asabar ɗin, mai hankali ba ya sa tafiyar je-ka-dawo. Kada kuma a ɗauka Kirista kaɗai ke cika hanya. Ƙungiyar NASFAT ma tana da filinta a kan wannan hanya, ana kuma taruwa a can a daren Lailatul Ƙadari. Haka kasuwar dabbobi ta Kara, wadda 'yan Arewa ne ke ciki, idan Babbar Salla ta matso, tireloli masu sauke raguna da masu saye da ke ajiye motoci a bakin titi sukan toshe bakin Ikko ɗungurungum. Talata ko Laraba ta tsakiyar wata ta fi kowace rana lafiya.

Akwai kuma abin da ya fi cunkoso muhimmanci, musamman ga wanda zai tafi da iyali. Shagamu garin Remo ne, ƙarƙashin Akarigbo, mutanen gari kuwa suna da al'adar Oro, wadda a lokacinta ake hana mata fita, baƙi ma ana so su zauna a gida. Tsofaffin Sabo ba su manta da watan Yuli na 1999 ba, lokacin da rikici ya tashi a kan wannan al'ada, aka yi asarar rayuka da dukiya a Shagamu, wutar ta kuma kai har Kano. Tun daga nan shugabannin ɓangarorin biyu suke ƙoƙarin sanar da juna a kan lokaci. Saboda haka kafin a tashi sai a buga waya ga mai masauki, ko wani na kusa da fadar Sarkin Hausawa, a tambaya ko akwai wata doka ta hana fita a makon. Matambayi ba ya ɓata, kuran waya ɗaya ne.

Sai lokacin tashi. A nan mutumin Agege yana da sa'a guda wadda ba kowa ya lura da ita ba. Dubban ma'aikatan Ikko a Arepo da Magboro da Ibafo da Mowe suke kwana, saboda tsadar haya a cikin gari. Da safe suna tururuwa zuwa Ikko, da yamma suna komawa. Wanda ya fita Ikko da safe ya dawo da rana, kullum yana hannun da babu su. Wahalarsa tana cikin gari ne, tsakanin Ogba da Berger, inda motoci ke cushewa tun gari bai gama wayewa ba. Don haka a yi sallar asuba, a sha koko ko shayi, a tashi kafin ƙarfe shida da rabi. Wanda ya tsaya jiran wata gwaggo da ba ta gama shiri ba har ƙarfe takwas, ya riga ya ba da sa'a guda kyauta. Fita tun kafin asuba kuwa ba dabara ba ce, domin a cikin duhu ne ake faɗa wa tirelar da ta mutu a tsakiyar titi ba fitila, da hunturu kuma ga hazo.

Motar kanta a duba ta tun jiya. Ruwan lagireto, baƙin mai, man birki, fanbel, fitilu, da abin share gilashi idan damina ce, domin ruwan Kudu ba ya sallama. Safaya ta kasance da iska, jak da sifana suna ciki. Masu sayen tsohuwar taya su lura, a jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 1519, an yi ta a mako na 15 na 2019 ke nan, kuma tayar da ta tsufa tana iya fashewa da gudu ko da zanenta bai cinye ba. Jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda aka kafa hukumarsu a 1988, suna duba wannan, suna duba abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan motar da ta lalace. Ƙa'idarsu ga ƙaramar mota a babbar hanya kilomita 100 ne a sa'a, lambar kiransu ta gaggawa kuma 122.

Takardu ba su bukatar dogon bayani. Lasin tuƙi, takardar mota, shaidar lafiyar mota, da inshora, wadda aka mai da mafi ƙarancinta naira 15,000 tun farkon 2023. A tabbata ta gaske ce, domin akwai masu buga ta bogi a bakin ofisoshi. Da an haye Berger an shiga Jihar Ogun, wadda ke da nata jami'an hanya dabam da na Ikko.

Mai kuwa, tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023, ya zama shi ne rabin lissafin tafiya. Zuwa da dawowa kilomita 120 ne ko sama kaɗan. Ƙaramar mota mai lafiya takan sha wajen lita guda a kilomita 10, watau lita 12 ko 13 idan ba tsayawa. Amma motar da ke tsaye cikin gosulo ita ma sha take yi. Wanda ya zuba lita 20 ya huta. 'Yan'uwa da za a ɗauka, ya kyautu a yi maganar kuɗin mai tun a gida, domin an sha ganin zumunci ya yi tsami a gaban famfon gidan mai.

Wata tambaya da matafiya kan yi ita ce ta sallar ƙasaru. A mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, wajen kilomita 80, kuma zuwa kaɗai ake ƙirgawa, ba a haɗa shi da dawowa. Agege zuwa Shagamu ba ta kai ba, saboda haka azahar raka'a huɗu ce cif a masallacin Sabo.

Idan goro ne ya kawo mutum, to ya san a nan lokaci ke zurarewa. Cinikin goro shi ya zaunar da Hausawa a Shagamu tun zamanin kakanni, kamar yadda ya zaunar da su a Agege, kuma har yanzu ba a yinsa da gaggawa. Sai an gaisa da maigida, an tambayi iyali da mutanen Arewa, an kawo ruwa, sa'an nan a kira dillali a kwance huhu. Wanda ya nuna yana sauri, farashi ya hau. Dabarar ita ce a gama rabin cinikin tun a waya, a faɗi ƙwarya nawa ake so, fari ko ja, marsa ko minu, sabo ko daushe, domin a tarar an ware. Duk da haka kada a karɓa ido rufe. A zura hannu har ƙasan huhu, a ɗauko 'yan ƙwayoyi a fasa, a duba ko sankara ta shiga, domin na sama kullum kyakkyawa ne. Kakar goro daga wajen Oktoba zuwa Disamba take, a lokacin ya fi yawa, amma sabon goro bai kai daushe jure wahalar hanya ba.

Wajen biya, a riƙe 'yan tsabar kuɗi ko da an yi niyyar turawa ta waya. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya san yadda ake zama sa'a biyu ana jiran saƙon banki ya shigo, mai kaya kuma ba zai saki huhu ba sai ya gani. Amma kada a ɗauki kuɗi masu yawa a aljihu ana fito da su a bainar jama'a.

Yadda za a ɗora kayan ma abin lura ne. Goro ba ya son zafi, ba ya son iska, ba ya kuma son warin fetur. Bayan ƙaramar mota da tsakar rana tanda ne. Idan akwai wuri, a sa huhun a kujerar baya, a lulluɓe shi da buhu mai ɗan laima, a nisanta shi da galan ɗin mai.

To, sai babbar magana, watau dawowa. Mai masauki ba zai so baƙo ya tafi ba. Za a ce a tsaya a ci tuwo, a ce wane yana nan tafe yana son ku gaisa, a ce ai Ikko nan ce kusa. Kunya takan hana mutum tashi har la'asar ta yi sanyi. Gara a faɗa tun da aka sauka cewa da an sallame azahar za a kama hanya, a kuma maimaita. Wanda ya bar Sabo kafin ƙarfe uku zai haye Berger da rana tsaka, ya shiga Ogba kafin ma'aikata su taso. Magariba a Ikko takan faɗa tsakanin wajen shida da rabi da ƙarfe bakwai, gwargwadon lokacin shekara, kuma abin da ake gudu shi ne duhu ya riski mutum a Doguwar Gada. Wurin ba gida ba rumfa, ƙasa fadama ce, an kuma sha ba da labarin ɓarayi suna fitowa daga ƙarƙashinta suna fasa gilashin motocin da cunkoso ya tsayar. A watannin Satumba da Oktoba kuma, idan aka saki ruwan madatsar Oyan, kogin Ogun yakan cika ya malale unguwannin da ke wajen Kara da Warewa, sai ƙananan hanyoyin da ake ratsewa su mutu, kowa ya dawo kan babban titi.

Idan tanka ta faɗi ko tirela ta gitta, hanya takan tsaya cik. Gobarar tankar mai a gadar Otedola a watan Yuni na 2018 ta ishi kowa darasi, ba a matsawa kusa da man da ya zube, ba a tsayawa kallo. A irin wannan hali za a ga wasu direbobi sun haura hannun da ba nasu ba. Kada a bi su. A Jihar Ikko wannan laifi yana iya jawo a ƙwace motar ɗungum, an kuma taɓa yin gwanjon irin waɗannan motoci.

Akwai tsohuwar hanya ta Ikorodu, wadda ta bi ta Ogijo, ita ce mafita idan tun a Shagamu aka ji labarin babbar hanya ta toshe. Sai dai tankokin mai na wajen Mosimi da manyan motocin kamfanoni sun yi mata yawa, kuma tana fitar da mutum ne ta Mile 12 da Ketu, nesa da Agege. Ga mazaunin Mile 12 tana da ma'ana. Ga mutumin Agege kuwa, kafin ya zaɓe ta sai ya leƙa tashar mota ya tambayi direban da ya iso yanzu, domin shi ne ya san halin da hanya take ciki a wannan sa'a, taswirar waya ma takan taimaka.

Idan kuwa duk da haka ƙarfe biyar ta yi ana Sabo, to a kwana. A buga waya gida a sanar, a sauke goron a sa shi a ɗaki mai sanyi, a roƙi mai masauki ya tashe su da asuba. Sai dai a sani da safe za a shiga sahun ma'aikatan Mowe da Ibafo masu tururuwa zuwa Ikko, saboda haka idan ɗaurin auren na ƙarfe goma ne, a gaya wa liman da waliyyi tun da dare.