Ko Hali Zanen Dutse Ne?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna a kan jarrabawar hali, watau wadda mutum zai amsa tambayoyi, sa'an nan a gaya masa ko shi wane iri ne.

Abin ba sabo ba ne. Duk wanda ya karanta ɗibbu ya san Jalinusu da Ibn Sina sun kasa ɗabi'u huɗu bisa ga abin da ya rinjaya a jiki: jini, balgamu, safara'u da sauda'u. Mai safara'u, in ji su, shi ne mai saurin fushi. A 1921 wani likita na ƙasar Siwizalan, Karl Yung, ya rarrabe mai samun kuzari cikin jama'a da mai samunsa cikin kaɗaici. A kan maganarsa ne Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers, mutanen Amurka, suka shirya tambayoyinsu zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, suka kasa mutane iri 16.

Ni ban raina amfaninta ba. Malamin da ya gane shirun almajirinsa ɗabi'a ce, ba daƙiƙanci ba, lalle zai daina tsangwamarsa. Amma jama'a, ku duba. Jarrabawar nan takan ja layi a tsaka, ta ce kai na dama ne ko na hagu, kamar a ce mutane dogo ne da gajere kaɗai, alhali kuwa matsakaita sun fi yawa. Shi ya sa mutane da yawa in sun sake ta bayan 'yan makonni sai su faɗa wani kashi dabam. To, wanne ne halinsu?

Mukan ce hali zanen dutse. Amma masanan da suka bi mutane shekara da shekaru sun ga galibi natsuwa da riƙon amana suna ƙaruwa da manyanta. Saurayi ɗan shekara 20 bai gama sanin kansa ba, balle takarda ta gama saninsa.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ofisoshi da na makarantu, kada a hana yaro aiki ko a sauya masa fannin karatu don sakamakon wannan jarrabawa. A gwada shi da aikin tukuna.

Haza wasalam.

Wani Malamin Makaranta, Zariya.