Keso: lambar 20.000 a lissafin wuri da na dala

Wannan taƙaitaccen nazari ya shafi lamba guda, wato 20.000, wadda Hausawa suka yi wa suna keso a zamanin kuɗin wuri. Heinrich Barth, da ya sauka Tasawa a 1851, ya bayyana yadda ake ƙirgar wuri biyar biyar, a tara shi tsibi tsibi na 200, wato hauya goma, ko na 1.000, kana a ɗura 20.000 cikin buhun kaba. Wuri 500.000 da ya ga an ƙirga a can keso 25 ke nan.

In aka warware lambar zuwa lambobin da ba su rabuwa (nombres premiers), sai a sami 20.000 = 2⁵ × 5⁴. Biyu da biyar kaɗai ne tushenta, abin da ya dace da hannun mai ƙirga. Daga nan ake gane cewa lambobi 30 ne ke raba ta ba ragowa, tun da (5+1) × (4+1) = 30. A cikinsu akwai 20, 200 da 1.000, matakan ƙirgar da muka ambata. Akwai kuma 2.500, farashin dalar azurfa guda a Kano a waccan shekara, ta yadda keso ke tashi dala takwas cif. In aka tara masu raba ta, ban da ita kanta, ana samun 29.203, wanda ya zarce ta. Inda ta gaza shi ne uku. Sumuni na fita daidai, 2.500, amma sulusi da sudusi, waɗanda rabon gado ke yawan bukata, ba su fita: mutum uku kowa ya ɗauki 6.666, wuri biyu su saura.

Wurin ya tafi, ƙirga biyar biyar ta zauna. A Tondibiya, bakin kogi arewa maso yammacin Yamai, inda Zabarmanci da Hausa ke cuɗanya, ana ciniki da dala, wato tamma biyar. Tamma 20.000 dala 4.000 ne, ko jika ashirin. Biyar guda ta shige cikin ma'aunin, saura 2⁵ × 5³, masu raba ta sun koma 24. Kalmar zambar ma ta harsunan biyu ce: zambar fo na Bazabarme 1.000 ne a ƙirga, amma 5.000 ne a kuɗi.

A ganinmu nan matsalar koyarwa take. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko cikin Hausa a Damagaram a 1973, malami na rubuta 500 a allo ya karanta ɗari biyar, alhali yaron da ake aike kasuwa ɗari ya san tamma 500 da ita. Yaron ya iya ninkawa da biyar tun kafin ya shiga aji, littafin lissafi ne bai kula da haka ba.