Idan Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi: Gwajin Matsin Inji

Injin fetur yana bukatar abubuwa uku kafin ya tashi: mai, da wuta, da matsi. Idan tsohuwar mota, kamar Peugeot 504, ta ƙi tashi, makaniki yakan fara duba batir da kafireta da fulogi, wanda a Nijar ake kira buji. In mai yana zuwa, wuta ma tana nan, amma injin juyawa kawai yake yi, to saura matsi.

Mene ne matsi? Yayin da fistin ya hau sama cikin silinda, yakan danne gaurayen mai da iska kafin fulogi ya kunna shi. Idan akwai kafar da iskar take zurarewa, gaurayen ba zai kama da ƙarfin da zai tura fistin ƙasa ba. Kunne ne yake fara gane wannan, domin injin yakan juya da sauri, sakayau.

Amma kunne kaɗai bai isa shaida ba, sai an auna. Da farko a tabbata batir a cike yake. Sai a cire fulogai duka, a katse wuta da mai, a ɗaura ma'aunin matsi a ramin fulogi ɗaya, a taka totur har ƙasa, a murza makulli injin ya juya sau biyar ko shida. A rubuta abin da ma'auni ya nuna, sannan a wuce silinda ta gaba. Lafiyayyen inji yakan ba da ba 9 zuwa 12, wato awon da makanikai suke amfani da shi. Abin da ya kasa 7 matsala ce.

Daga nan sai neman inda iskar take fita. A zuba bakin mai kamar ƙaramin cokali ɗaya cikin silindar da ta yi ƙasa, a sake aunawa. In matsi ya ƙaru, ringi ne ya cinye, domin man ya toshe kafar na ɗan lokaci. In bai ƙaru ba, laifin bawul ne ko gasket. Idan silinda biyu maƙwabtan juna suka yi ƙasa tare, galibi gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Idan kuwa duka huɗun suka faɗi lokaci ɗaya, alhali jiya motar tana tafiya lafiya, sai a duba sarƙar tayimin, wataƙila ta tsallake haƙori.

Wannan gwaji bai wuce aikin rabin awa ba. Saboda haka kada mai mota ya yarda a sauke masa inji kafin a nuna masa awon kowace silinda.