Farin Dutse a Gona: A Gwada Kafin a Sayar

'Yan'uwa manoma, tun da motoci masu aiki da batir suka yawaita a duniya, 'yan kasuwa ke bin ƙauyukan Nasarawa, Kogi da Kwara suna neman duwatsu masu litiyom. Ɗaya daga cikinsu shi ne ambiligonait, dutsen da ya haɗa litiyom da fosfet. Ba shi da yawa a ƙasa, amma mai kyansa yakan ƙunshi sinadarin litiyom oksayid har kusan kashi 10 cikin 100. Fari ne, wani lokaci da ɗan ruwan ɗorawa ko kore-kore, don haka ido kan ɗauke shi ƙanƙarar dutse ce kawai. Nan ne manomi ke yin hasara.

Ga gwaji mai sauƙi. A auna dutsen a sikeli. A cika kwano da ruwa fal, a saka dutsen, a tari ruwan da ya zube a auna shi. A raba nauyin dutsen da nauyin ruwan. Idan lissafi ya ba da wajen 2.6, ƙanƙara ce ko danginta. Idan ya kai 3, a ajiye shi. Ɗan ɓarɓashinsa kuma yakan narke a wuta mai ƙarfi, ya mai da harshen wutar ja.

Wannan alama ce kawai. Ainihin daraja sai an kai samfuri ɗakin gwaji, kamar na Hukumar Binciken Ƙasa da ke Kaduna, domin kuɗin dutse yana bin yawan litiyom ɗin da ke ciki. Farashi ma ba ya tsayawa: ya hau ƙwarai a 2022, ya faɗi warwas a 2023.

A tuna, Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ce ma'adinan ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Haƙa sai da lasisi, kuma ƙungiyar gama kai mai rajista tana iya neman na ƙananan masu haƙa. Kada kowa ya sa hannu a takarda shi kaɗai. A kawo ta taron ƙungiya a karanta tare da dattawan ikilisiya. A kuma rubuta wanda zai cike ramuka, gama rami buɗe tarko ne ga yara da dabbobi.

Dutse sau ɗaya ake haƙarsa, gona kuwa kowace damina tana ciyarwa. Isuwa ya ba da gādonsa saboda abincin yini ɗaya. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amanar ƙasar da ya danƙa mana.