Kafin Tsohuwa Ta Tafi Da Labarin Gida

Uwargida, in ɗanki ya ce, "Inna, daga ina kakanki ya zo?" me za ki ce masa? Ba a sanin amfanin amsar sai ranar rabon gado, ko rigimar iyakar gona, ko binciken asali wajen aure. Ran nan ake neman mai sani, a tarar ƙasa ta rufe ta.

Ba sai kin fita ba. Surukarki ko goggonki da ke ɗaki, ita ce littafin. Amma kada ki tambaye ta shekara, da abin da ya faru suke lissafi. In ta ce an kai ta ɗaki lokacin naɗin Sarki Ado Bayero, 1963 ke nan. In ta ce ta yi haihuwar fari da aka canja fam da sule zuwa naira, 1973 ce. In an tashe su saboda ruwan Tiga, an gina dam ɗin tsakanin 1971 da 1974, zamanin Audu Bako. In kakanta ya ga ranar da Turawa suka fasa Bebeji a hanyarsu ta Kano, 1903 ce. Ke ta Doguwa, tambayi ko haƙar kuza ce ta kawo su Riruwai. Ku na Kiru da Tudun Wada, zanen fuskar tsofaffi ma yana faɗin asali.

Ki kula da abu biyu. Na ɗaya, alkunya: ba za ta kama sunan mijinta ko ɗanta na fari ba, sai ki nemi sunan yanka a bakin wani. Na biyu, wa ya sha nonon wa, domin shayarwa tana haramta aure.

Kada ki rena hirar nan. Wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo ta ƙasar Kano, ta ba Baturiya Mary Smith tarihinta a 1949 zuwa 1950. Ta rasu a 1951, amma har yau ana karanta littafinta a jami'o'i.

To, yau bayan isha'i a kira yaro ya rubuta, da boko ko ajami, ko a ɗauki muryarta a waya. Allah ya ja kwanan tsofaffinmu. Sai mun sake haɗuwa.